Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Masana Ƙwaƙwalwa da Rubutacciyar Waƙa

A shekarar 1925 aka buga wani ɗan littafin waƙoƙi a ƙasar Ingila mai suna The Assaying of Brabantius. Marubucinsa, Charles Sherrington, dattijo ne mai shekara 67 da haihuwa, kuma ba da waƙa duniya ta san shi ba. Shehun malami ne na ilimin aikin gaɓoɓin jiki a Jami'ar Oksfod, kuma a lokacin shi ne shugaban Royal Society, wato babbar ƙungiyar masana kimiyya ta ƙasar. Ya shafe fiye da shekara 30 yana bin diddigin yadda laka da jijiyoyi suke sarrafa motsin jiki, aikin da ya kai shi ga samun lambar yabo ta Nobel a 1932. To, me ya haɗa mutum irin wannan da tsara baitoci?

Amsar da ta fi saurin zuwa ita ce hutawa yake yi, kamar yadda wani kan zauna dara da la'asar bayan ya tashi daga aiki. Wannan amsa ta dace da tsarin da aka saba da shi a makarantun sakandare, inda ake raba ɗalibai gida biyu da zarar sun shiga manyan azuzuwa, waɗansu ajin kimiyya, waɗansu ajin adabi, sa'an nan kowane ɓangare ya riƙa kallon ɗan'uwansa a kaikaice. Ɗalibin kimiyyar da aka gani da littafin waƙa akan tuna masa cewa taura biyu ba ta taunuwa. Sai dai tarihin binciken ƙwaƙwalwa bai goyi bayan wannan rabo ba. Masanin ƙwaƙwalwa, ko ya so ko ya ƙi, da makamin mawaƙi yake aiki, wato kwatanci, domin aikin da yake bincike ba ya ganuwa a fili. Wanda ya laƙanci waƙa kuwa shi ya fi sanin yadda ake ƙera kwatanci, kuma shi ya kamata ya fi kowa sanin inda kwatanci yake tsayawa.

Ba Sherrington Kaɗai Ba Ne

Haɗa likitanci da waƙa tsohon abu ne. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya tattara ilimin magani na zamaninsa a cikin wata waƙar Larabci mai baiti fiye da 1,300, aka fassara ta zuwa Latin, ɗaliban likitanci na Turai suka daɗe suna karanta ta. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi a ƙasar Hausa, inda almajirin ilimi yake haddace nahawun Larabci a cikin baitocin Alfiyyar Ibn Malik, inda kuma Nana Asma'u ta karantar da mata ta hanyar waƙa.

A cikin masu binciken jijiyoyi su kansu, jerin mawaƙan yana da tsawo. Albrecht von Haller, mutumin Siwizalan, ya yi suna da waƙarsa a kan duwatsun Alps wadda aka buga a 1732, bayan shekara 20 kuma ya nuna ta hanyar gwaji cewa tsukewa aikin tsoka ne, jin taɓi da zafi kuwa aikin jijiya ne. Silas Weir Mitchell, likitan jijiyoyi a birnin Filadelfiya ta Amurka, ya kula da sojojin da aka yanke wa hannu ko ƙafa a yaƙin basasar ƙasar na 1861 zuwa 1865, ya kuma lura cewa da yawansu suna ci gaba da jin gaɓar da aka yanke kamar tana nan, har tana yi musu ciwo. Da ya tashi bayyana wannan al'amari a 1866, a cikin ƙagaggen labari ya saka shi a wata mujalla, ba tare da sa sunansa ba, har waɗansu masu karatu suka ɗauka gaskiya ne, suka aika da gudummawar kuɗi ga sojan da babu shi. Sai a 1871 ya raɗa wa abin suna da kalmar da ke nufin fatalwar gaɓa. Mitchell ya wallafa littattafan waƙoƙi da na ƙagaggun labarai da dama. Haka nan Henry Head, likitan jijiyoyi a Landan, wanda a 1903 ya sa aka yanke wata jijiya a damtsen hannunsa na hagu don ya bi yadda ji yake dawowa sannu a hankali, ya fitar da littafin waƙoƙinsa a 1919. Warren McCulloch kuma, wanda a 1943 shi da Walter Pitts suka bayyana aikin ƙwayar jijiya da lissafi, aikin da ya zama ɗaya daga cikin tushen ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta, mutum ne mai rubuta waƙa.

Ba a kawo sunayen waɗannan mutane don a ce waƙoƙinsu sun kai na manyan mawaƙa ba. Gaskiyar magana, yawancinsu ba a waiwayarsu a yau sai don darajar marubutansu a kimiyya. Abin lura shi ne irin matsalar da dukkansu suka fuskanta. Mai binciken ƙashi yana iya auna tsawonsa ya rubuta lamba. Shi kuwa Head, da ake tsira masa allura a fatar da jijiyarta take farfaɗowa, tilas ne ya nemo kalmomin da zai faɗi abin da yake ji, alhali babu wanda ya taɓa sa wa irin wannan ji suna. A nan iya harshe ya zama kayan awo.

Abin da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya taɓa ganin an fasa kan rago ya ga ƙwaƙwalwa: wani abu ne mai laushi, mai lanƙwashe-lanƙwashe, ba ya motsi. Ta ɗan'adam ba ta cika wuce kilo ɗaya da rabi ba. Zuciya kuwa tana bugawa, tana sauri idan an tsorata, ana jin ta a ƙirji. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da Aristotle, babban masanin Girka, ya ɗauka a zuciya tunani yake, aikin ƙwaƙwalwa kuma sanyaya jini ne kawai. Mutanen tsohuwar Masar ma, idan za su adana gawa, sukan bar zuciya a cikinta su zubar da ƙwaƙwalwa. Harshen Hausa har gobe a kan wannan turba yake, shi ya sa ake cewa mutum ya yi magana a zuci, ko labarin zuciya a tambayi fuska. Gwaji ne ya raba gardama. A ƙarni na 2 likita Galen ya nuna a bainar jama'a cewa idan aka yanke wata jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa zuwa maƙogwaro, dabba takan daina kuka nan take, alhali zuciyarta tana ci gaba da bugawa.

Da masana suka shiga rarrabe sassan ƙwaƙwalwa, babu abin da suka dogara da shi wajen raɗa suna sai kama. Sunan da suka ba shimfiɗar da ta lulluɓe ta, a Latin yana nufin ɓawon itace. Wani sashe mai muhimmanci ga tuna abubuwa sun kira shi dokin teku, saboda siffarsa ta yi kama da wani ɗan kifi mai wannan suna. Wani sun kira shi gada. Rassan ƙwayar jijiya sun samo sunansu daga kalmar Girkanci mai nufin bishiya. Tantani mai kauri da ya rufe ƙwaƙwalwa kuma likitocin Larabawa ne suka kira shi uwa, Turawa suka fassara sunan kamar yadda yake. Ɗalibin da ke haddace waɗannan sunaye don jarrabawa, kwatance-kwatance yake haddacewa bai sani ba.

Dangane da yadda take aiki kuwa, kowane zamani da sana'arsa yake auna ta. René Descartes na Faransa, a ƙarni na 17, ya ɗauki jijiyoyi tamkar bututai da wani ruwa-ruwa ke gudu a cikinsu, irin bututan da ke motsa gumakan wasa a lambunan sarakuna. A ƙarni na 19 aka koma kwatanta su da wayar tangaraho, daga baya da ofishin haɗa tarho, a yau kuma da kwamfuta. Kowane kwatanci ya buɗe wata ƙofa, kowane kuma ya zo da kurensa. Alal misali, a 1850 Hermann von Helmholtz na Jamus ya auna gudun saƙo a jijiyar kwaɗo, ya sami kimanin mita 30 a sakan ɗaya. Lantarki a cikin waya kuwa gudunsa ya kusa na haske. Ashe jijiya ta yi kama da waya wajen kai saƙo, amma hanyar da take bi wajen kai shi dabam ce. Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba wane ba ne.

Raga ko Bishiyoyi?

Babu inda wannan darasi ya fi fitowa fili kamar gardamar da aka yi tsakanin Camillo Golgi na Italiya da Santiago Ramón y Cajal na Sifaniya. A 1873 Golgi ya gano wata hanya ta rina naman ƙwaƙwalwa da sinadarin azurfa, wadda take baƙanta 'yan ƙwayoyi kaɗan daga kai har ƙafa ta bar sauran, ta yadda za a iya ganin ƙwaya guda da dukkan rassanta a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Da ya duba, sai ya ga raga: zaruruwa a haɗe da juna babu yankewa.

Cajal tun yana yaro zane yake so. Mahaifinsa, wanda likita ne, ya kai shi koyon aiki wurin wanzami, daga baya wurin mai ɗinkin takalma, don ya raba shi da wannan sha'awa, kafin daga bisani ya karanta likitanci. A 1887 ya fara ganin rinin Golgi a birnin Madrid. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ƙwaƙwalwar babbar dabba ta zame masa tamkar ƙungurmin daji wanda rassa suka sarƙe, don haka ya yanke shawarar komawa inda bishiyoyin suke ƙanana, wato ƙwaƙwalwar 'yan tayi da 'yan tsaki. Kwatancin daji ne ya nuna masa dabarar aiki. A can ya ga cewa kowace ƙwayar jijiya da kanta take tsaye, rassanta suna kusantar na maƙwabciyarta ba tare da sun narke cikin juna ba. Ya bar zane-zane kusan 3,000 na abin da ya gani, waɗanda har yanzu ake saka waɗansunsu a littattafan koyarwa. Manyan ƙwayoyin shimfiɗar saman ƙwaƙwalwa kuwa, da malam-buɗe-littafi ya kwatanta su saboda kyaunsu.

A 1906 aka raba wa mutanen biyu lambar Nobel, amma a jawabinsa na karɓar lambar Golgi bai fasa kare ragarsa ba. Ga mutum biyu, rini ɗaya, madubi iri ɗaya, kowa da hoton da ke kansa. Raga kwatanci ne mai daɗin ji, domin tana bayyana yadda sassan jiki suke aiki tare cikin jituwa. Amma daɗinta bai hana ta zama kure ba.

A nan Sherrington ya shigo. Cajal ya taɓa sauka a gidansa a 1894 lokacin da ya je Landan ba da lacca. Sherrington ya lura cewa saƙon da ya ratsa ta laka yana ɗaukar lokaci fiye da wanda ya bi jijiya guda miƙaƙƙiya, kuma ta fuska ɗaya yake wucewa, ba ya komawa baya. Daga nan ya tabbata akwai wata mahaɗa tsakanin ƙwaya da ƙwaya inda saƙo yake ɗan dakatawa. Bai gan ta ba, amma tana bukatar suna. A 1897, lokacin da yake rubuta wani babi a littafin Michael Foster, aka nemi shawarar Arthur Verrall, masanin wasannin kwaikwayo da waƙoƙin tsohuwar Girka a Jami'ar Kambirij, shi ne ya kawo kalmar sinafs daga Girkanci, mai ma'anar riƙe juna. Wato malamin adabi ne ya raɗa wa ɗaya daga cikin muhimman abubuwan ilimin ƙwaƙwalwa suna. Sai a tsakiyar shekarun 1950, bayan rasuwar Sherrington, madubi mai aiki da lantarki ya nuna wannan mahaɗa da ɗan giɓin da ke tsakaninta, wanda faɗinsa bai wuce kashi 20 zuwa 40 cikin miliyan na milimita ba. Kwatanci ya share fage, gani ya zo ya kori ji.

Masaƙar Sherrington

Abin da aka fi tunawa da shi daga alƙalamin Sherrington ba ya cikin littafin waƙoƙinsa. Yana cikin laccocin da ya gabatar a Jami'ar Edinbara a 1937 da 1938, waɗanda aka buga a matsayin littafi a 1940. A can ya nemi mai karatu ya ɗauka kowane saƙon jijiya ɗigon haske ne. Ƙwaƙwalwar mai barci, in ji shi, duhu ce sai 'yan fitilu nan da can. Da gari ya waye mutum ya fara farkawa, sai fitilun su yawaita, har kan ya zama kamar wata masaƙa ta al'ajabi wadda miliyoyin ƙosiyoyi ke kai da komowa a cikinta, suna saƙa zanen da ke da ma'ana amma ba ya daɗewa sai ya warware wani ya maye gurbinsa.

Wanda ya taɓa tsayawa a gaban masaƙi ya ga yadda ƙoshiya ke ratsa zare zai gane ƙarfin wannan hoto. Ya koyar da cewa tunani ba wani abu ba ne da aka ajiye a lungu guda, tsari ne da ke fitowa daga aikin ƙwayoyi masu ɗimbin yawa a lokaci ɗaya. A 2009 aka ƙiyasta yawansu da kimanin biliyan 86, kuma ko da yake nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci.

Duk da haka, masaƙar ma an gwada ta an ga iyakarta. A 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Chikago suka bayyana wani mataki na barci wanda idanu ke motsi da sauri a cikinsa, ƙwaƙwalwa kuma tana aiki kusan kamar ta mai farke, kuma a lokacin ne aka fi yin mafarki. Ashe masaƙar ba ta rufewa da dare. Bugu da ƙari, kowace masaƙa tana da masaƙi a zaune a bayanta, to wane ne masaƙin ƙwaƙwalwa? Sherrington bai ɓoye ba cewa duk bincikensa bai nuna masa yadda motsin jijiya yake zama tunani ba. Wannan tambaya har yau masana ba su rufe babinta ba.

Mawaƙa Su Ma Sun Leƙa

Ta ɗaya gefen kuma akwai mawaƙan da suka ɗauki ƙwaƙwalwa a matsayin jigo. John Keats na Ingila ya yi karatun likitanci a asibitin Guy's na Landan, ya sami takardar shaidar aiki a 1816, sa'an nan ya ajiye don ya rungumi waƙa. A wata waƙarsa ta 1819 ya siffanta tunani da rassan bishiya masu toho a cikin kai, shekaru da dama kafin rinin Golgi ya nuna rassan ƙwayar jijiya. Amma Keats ɗin nan shi ne kuma ya yi ƙorafin cewa bayanin da Isaac Newton ya yi game da launukan haske ya kashe armashin bakan gizo. Ƙorafin nan yana da magoya baya har yau, masu ganin cewa bayanin kimiyya yana rage wa abu kwarjini.

Emily Dickinson ta Amurka, wadda ta rubuta waƙoƙi kusan 1,800 amma kaɗan ƙwarai aka buga kafin rasuwarta a 1886, ta ɗauki wata hanya dabam. A wata gajeriyar waƙa da ta rubuta wajen 1862 ta gwada girman ƙwaƙwalwa da na sararin sama da na teku, ta ba ƙwaƙwalwa rinjaye, bisa hujjar cewa abin da ke iya ɗauke hoton sama a cikinsa ya fi ta yalwa. Bayan fiye da shekara 140, a 2004, Gerald Edelman, wanda ya sami lambar Nobel a 1972 ya kuma koma binciken ƙwaƙwalwa, ya ɗauko sunan littafinsa a kan hankali daga wannan waƙa. Waƙar ba ta gano wata ƙwaya ko sinadari ba. Abin da ta yi shi ne tsayar da tambayar a fili, ta yadda masani zai san abin da yake nema. Amsar ƙorafin Keats ke nan: sanin cewa curin nama mai kilo ɗaya da rabi ne yake ɗauke da sama da teku ƙara mamaki yake yi.

Zaƙin Baki Ba Hujja Ba Ne

Masu adawa da kusantar da waƙa ga ajin kimiyya suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Waƙa tana da tasiri a jiki. A 2017 Eugen Wassiliwizky da abokan aikinsa a wata cibiyar Max Planck da ke Farankfot ta Jamus sun ɗauki hoton fatar masu sauraren waƙa, suka ga tsikar jikinsu tana tashi, musamman a ƙarshen ɗango da ƙarshen baiti. Likitoci kuma sun daɗe da sanin cewa waɗansu da shanyewar ɓarin jiki ta hana su magana suna iya rera kalmomin waƙar da suka sani, har a 1973 aka ƙirƙiro wata hanyar koya musu magana ta rerawa a birnin Boston. Abin da ke da irin wannan ƙarfi yana iya shigar da ƙarya kamar yadda yake shigar da gaskiya.

An ma gwada hakan. A 2000 Matthew McGlone da Jessica Tofighbakhsh a Amurka sun ba mutane waɗansu zantukan hikima, waɗansu masu amsa-amo, waɗansu kuma an canza kalma ɗaya don amsa-amon ya ɓace amma ma'ana tana nan. Mutanen suka fi yarda da gaskiyar masu amsa-amo. Tarihi ma ya nuna irin wannan. A 1856 Rudolf Virchow ya kira waɗansu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da sunan da ke nufin danƙo, aka daɗe ana ɗaukarsu abin liƙe jijiyoyi kawai. A yau an san yawansu ya kusa daidai da na ƙwayoyin jijiya, kuma su ne ke naɗe jijiyoyi da rufin da ke ƙara wa saƙo sauri, su ciyar da su, su kare su. Haka nan maganar da ta yaɗu cewa kashi 10 cikin 100 kawai na ƙwaƙwalwarsa mutum yake amfani da shi ba ta da tushe, daɗin faɗi ne ya raya ta.

Akwai kuma wata magana mai daɗin ji da ta shafi ɗalibai kai tsaye, wai mutane iri biyu ne: masu ƙwaƙwalwar hagu, ma'abota lissafi, da masu ta dama, ma'abota fasaha. Gaskiya ne waɗansu ayyuka sun fi karkata ga ɓari ɗaya, kamar yadda Paul Broca ya nuna game da magana tun a shekarun 1860. Amma a 2013 masu bincike a Jami'ar Utah sun duba hotunan ƙwaƙwalwar mutum 1,011, ba su sami shaidar cewa wani yana rayuwa da ɓarin hagu wani da na dama ba. Katangar da ke tsakanin ajin kimiyya da ajin adabi a jadawalin makaranta take, ba a kan yaro ba.

To, idan kwatanci da amsa-amo suna iya ruɗi, ashe mafita ita ce a nisanta ɗalibin kimiyya da su? Binciken McGlone da Tofighbakhsh ya ba da amsa. Da suka gargaɗi mutane su raba daɗin lafazi da ma'anar magana, sai rinjayen amsa-amo ya ragu. Wato maganin ruɗin waƙa shi ne sanin yadda waƙa take aiki. Ɗalibin da bai taɓa koyon bambancin kamantawa da ainihi ba, idan aka ce masa ƙwaƙwalwa kwamfuta ce, haɗiyewa zai yi, ya tafi yana neman inda ma'ajiyarta take. Wanda ya yi nazarin waƙa kuwa zai tambaya: ta wace fuska suka yi kama, ta wace fuska kuma suka rabu? Wannan tambaya ita ce mafarin gwaji.

Aikin da Ke Gaban Malamai

Ba a bukatar sabon manhaja ko kayan aiki masu tsada kafin a fara. Malamin ilimin halittu da malamin Hausa suna iya haɗa kai a kan darasi guda. Alal misali, a ɗauki abin da ke faruwa idan hannu ya taɓa tukunya mai zafi: saƙo yana tashi daga fata zuwa laka, daga laka ya juyo zuwa tsoka, hannu ya janye tun kafin mutum ya gama jin zafin. A nemi kowane ɗalibi ya tsara baiti biyar a kan haka. Malamin Hausa ya duba kari da amsa-amo, malamin kimiyya kuma ya bi kowane kwatanci ya sa ɗalibin ya faɗi inda ya dace da inda ya kauce. Idan yaro ya kwatanta sinafs da bakin kogi inda ɗan aike yake miƙa wasiƙa ga mai kwalekwale, ya kama wani abu na gaskiya, domin a yawancin mahaɗu sinadari ne yake tsallake giɓin. Sai a nuna masa abin da ya rage: 'yan aike dubbai ne suke isa gaɓar a lokaci guda, waɗansu na cewa a tashi, waɗansu na cewa a tsaya, ƙwayar da ke tsallake kuma sai ta auna rinjaye kafin ta motsa. Yaron da ya bi ta wannan hanya da wuya ya manta darasin.

Akwai kuma ribar da harshen kansa zai samu. Kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da kaya uku: wadda jini ke bi, da wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, da wadda ke kai saƙo. Wannan ba abin kunya ba ne, domin kalmar Girkancin da aka samo sunan ƙwayar jijiya daga gare ta, da farko agara da tsirkiya take nufi, sai da Herophilus na Iskandariyya, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rarrabe jijiyar saƙo da sauran. Kowane harshe da ya zama harshen kimiyya sai da aka sami masu ƙera masa kalmomi, kuma mai kunnen waƙa ne yake gane kalmar da za ta zauna a bakin mutane. Idan ba a horar da ɗaliban da suka san laka suka kuma san baiti ba, wa zai yi wa Hausa aikin da Verrall ya yi wa Sherrington?

Kammalawa

Charles Darwin, a tarihin rayuwarsa da aka buga a 1887, ya koka cewa yana saurayi yana jin daɗin waƙa ƙwarai, amma bayan shekaru na tattara bayanai sai ya wayi gari ba ya iya jure karanta ta. Ya ɗauki wannan a matsayin asara, ya ce da zai sake rayuwa da ya ɗora wa kansa karanta waƙa da sauraren kiɗa kowane mako. Sherrington bai yi irin wannan nadama ba. Tun yana ɗalibi a makarantar Ipswich wani malaminsa mawaƙi, Thomas Ashe, ya cusa masa son adabi, bai kuma saki ba har ya rasu a 1952 yana da shekara 94. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malamin da ya ga littafin waƙa a jakar ɗalibin kimiyya, maimakon ya ƙwace, ya fi kyau ya tambaye shi wane kwatanci ya fi burge shi a ciki, sa'an nan ya ce masa ya nuna inda kwatancin ya tsaya.